Kwantena uku tsakanin teku da Tawa: abin da na gani a hannun wani kamfanin taranzit na Yamai

Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina sayar da injinan ban-ruwa, da faifan hasken rana da muke kira panno, da batira da tiyo, kuma mafi yawan masu sayen kayana manoman albasa ne na Galmi, da Tsarnawa, da Madawa, da fadamun Keita. Tun shekarar 2022 na rage sari daga hannun manyan ƴan kasuwar Yamai da na Kano, na fara sayo kaya da kaina daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin, kuma kwantena uku da na shigo da su zuwa yanzu duk sun bi ta hannun kamfanin taranzit guda, wanda ofishinsa yake Yamai, yana kuma da wakilai a bakin teku. Abokan sana'a da yawa sun tambaye ni ko shi ne zan ba su shawara su riƙe, amsar kuwa ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a ƙofar shago, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan kawo, kuma mun riga mun zauna da su a kansa. Wanda yake son sunan ya san inda shagona yake.

Wanda bai taɓa shigo da kaya ba yakan ɗauka cewa aikin ɗan taranzit bai wuce cika takardun duwan ba. A ƙasa irin tamu, wadda ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, aikin ya fi haka nauyi, domin shi ne idonka da hannunka a tashar jiragen ruwan da ke cikin ƙasar wasu, ƙarƙashin dokar wasu, a nisan da ya haura kilomita 1,000 daga Yamai. Shi zai karɓi kwantenarka daga hannun kamfanin jirgi, shi zai biya kuɗin sauke ta da na ajiyarta, shi zai nemo motar da za ta ɗauko ta, shi zai tsaya mata a kowace iyaka har ta shigo gida a biya mata haraji. Kai kuwa kana zaune a Tawa, kuɗinka gaba ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe, ba ka da abin riƙewa sai muryar da kake ji a waya.

Abin da ya fara jawo hankalina gare su shi ne yadda suka karɓe ni ranar da na fara shiga ofishinsu. Ban je da kowa ba, kuma kwantenata ƙarama ce, mai ƙafa 20, wadda ba ta kai a tashi tsaye dominta ba a wurin da ake hulɗa da masu shigo da shinkafa tan dubbai. Duk da haka wani matashi daga cikin ma'aikatan ya zaunar da ni, ya nemi in nuna masa takardar farashin da mai kaya ya aiko mini da jerin abin da za a loda, ya bi su layi bayan layi. Nan take ya gano cewa an haɗa injina da batira da panno a ƙarƙashin suna guda, alhali a wurin duwan kowanne yana da lambarsa da harajinsa. Ya ce mini: “Alhaji, ku sa a gyara wannan tun jirgi bai tashi ba. Gyaran takarda a Sin kyauta ne, amma gyaranta bayan kaya sun sauka kuɗi ne da kwanaki.” Na ce masa: “Ɗana, ai ni na zaci sai kaya sun iso aikinku yake farawa.” Ya yi murmushi ya ce rabin aikin yana ƙarewa ne kafin kwantena ta taɓa ruwa. Shi ne kuma ya fahimtar da ni muhimmancin takardar jirgi, wadda suke kira konesma, cewa wanda sunansa yake kanta shi ne mai kaya a idon kowa, kuma dole ta nuna ƙarara cewa kayan wucewa za su yi zuwa Nijar, in ba haka ba za a ɗauke su a matsayin kayan da za a sayar a ƙasar da suka sauka. Su ne suka yi mini takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar da ke kula da masu jigilar kaya a Nijar, ba tare da na yi zarya ba. A fannin takardu ban taɓa kama su da kuskure ba a duk karo ukun.

Kwantenar farko ta sauka ne a Kwatano, lokacin da hanyar Benin take buɗe. Ga ɗan Tawa babu hanyar da ta kai wannan sauƙi: mota ta tashi daga tashar, ta bi Paraku da Kandi, ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, daga Doso ta karkata gabas ta Dogon Dutsi da Ƙonni, ba ruwanta da Yamai. Ba yau aka fara wannan zumunci ba. Tashar Kwatano ta fara aiki tun 1965, hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu kuwa ta girme ta, domin tun 1959 aka kafa ta, kuma layin dogon nan mai kilomita 438 daga Kwatano zuwa Paraku an daɗe ana lissafa shi a matsayin rabin hanyar Nijar. Mu da muka tashi a bakin titin Tawa zuwa Arlit mun saba ganin motocin uraniyom suna gangarowa kudu, kuma ko yaro ya san cewa bakin teku suka nufa, ko da bai san kamannin tekun ba. A wancan karon kwana goma sha tara kacal aka yi tsakanin saukar jirgi da tsayawar mota a ƙofar mangazata, har na ɗauka haka abin yake kullum.

Daga nan sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka, motoci suka yi dogon layi a Malanbil. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma gadar ba ta koma aiki daga ɓangarenmu ba, saboda dalilan tsaro da hukumomin ƙasa suka bayyana, sai kwalekwale suka ci gaba da fito da mutane da ƙananan kaya. Ba siyasar lamarin ce ta dame ni a nan ba. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne cewa a wannan lokacin ne aka gane kamfanin taranzit na gaske da wanda jaka da hatimi kawai ya mallaka, domin duk wanda saninsa ya tsaya a Kwatano ya wayi gari ba shi da abin sayarwa. Kamfanin da nake magana a kai yana da wakili a Lome, babban birnin Togo, tun kafin rikicin, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa na sake komawa wurinsu a 2024.

A karo na biyu na bi kayana har Lome, saboda hankalina ya ƙi kwanciya. Ranar ce na fara ganin teku, ina da shekara hamsin da ɗoriya, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba ruwan ba ne, jerin jiragen da ke tsaye can nesa ne suna jiran a ba su wuri, kowanne ɗauke da kwantenonin da suka fi gidajen unguwarmu yawa. Tashar Lome, wadda aka buɗe a 1968, zurfinta ya haura mita 16 a sabon ɓangaren kwantenoni da ya fara aiki a 2014, shi ya sa manyan jiragen da ke tasowa daga Asiya suke iya shigowa kai tsaye, su sauke kaya, ƙananan jirage su rarraba su zuwa sauran tashoshin yankin. Ƙasar Togo gaɓar tekunta ba ta kai nisan Tawa zuwa Ƙonni ba, amma wannan ɗan bakin ruwa yana ciyar da masu dako, da direbobi, da makanikai, da masu abinci, da bankuna, da baitulmalin ƙasar, kuma wani kaso na abin da suke ci daga aljihunmu yake fitowa, mu mutanen Nijar da Burkina Faso da Mali. Ban faɗi haka don hassada ba. Wanda ya haƙa rijiya shi ke da hakkin guga. Amma na dawo da fahimtar cewa farashin injin da manomin Galmi yake saya ana yanke wani sashensa ne a ƙarƙashin waɗancan manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya, kuma kowace rana da kwantena ta ƙara a can sai ta bayyana a kan buhun albasa.

Maganar kwana ita ce zuciyar wannan sana'a, kuma a nan ne wakilin kamfanin na Lome ya burge ni ƙwarai. Kamfanin jirgi yakan ba ka wasu kwanaki kyauta bayan kwantena ta sauka, idan suka cika sai tarar jinkiri, wadda ake kira surestari, ta fara hawa kullum, ga kuɗin ajiya na tashar shi ma yana tafiya a gefe guda. Akwatin kansa kuma ba naka ba ne, na masu jirgi ne, saboda haka idan kana son ya taho Nijar a rufe sai ka ajiye kuɗin jingina mai nauyi, wanda ba za a mayar maka ba sai akwatin ya koma Lome lafiya, kuma kwanakin tafiya da dawowa duk ana ƙirga maka su. Wakilin, dattijo ne mutumin Gaya da ya shekara fiye da ashirin a can, ya ɗauki alƙalami ya yi mini lissafin hanya biyu a kan takarda ɗaya: ko a taho da akwatin a rufe, ko a fasa shi a tashar a juye kayan cikin babbar mota a mayar wa masu jirgi abinsu nan take. Da yake a lokacin ba wanda zai iya cewa ga ranar da mota za ta iso Yamai balle ranar da za ta koma, ya ba ni shawarar a juye, amma da sharaɗin a ɗaure panno a tsaye a cikin katakonsu, kada a kwantar da su a ɗora batira a kai. Ya tsaya da kansa har aka gama lodi, ya ƙirga kwali ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya sa direba ya sa hannu a kan adadin. Panno biyu kawai na samu a fashe da kayan suka iso, wanda duk mai wannan sana'a ya san ba asara ba ce a tafiya irin wannan. Cikin kwana tara motar ta bar tashar zuwa filin da manyan motocin Sahel suke taruwa a arewacin birnin, ban biya ko dala ɗaya ta tarar jinkiri ba.

Daga nan ne labarin ya canza. Hanyar Togo kanta ba ta da matsala sosai: mota ta bi Atakpame, da Sokode, da Kara, da Dapawong har Sinkase, tafiyar da ta haura kilomita 600, da hawan duwatsun da kowane direba yake ba da labarinsu. Matsalar tana farawa bayan an shiga Burkina. Tsohuwar hanyar Fadan Gurma da Kancari da Torodi, wadda ita ce mafi kusa, rashin tsaro ya sa manyan motoci sun ƙaurace mata, sai aka koma bin Kaya da Dori da Tera cikin ayari, da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya tashi don kai kana sauri. Wannan ba laifin kamfanin taranzit ba ne, kuma ban taɓa ɗora musu shi ba. Laifinsu a wurina shi ne rashin gaya mini gaskiyar inda motata take. Da zarar kaya sun bar hannun dattijon nan na Lome, sai magana ta koma hannun ofishin Yamai, a can kuwa amsa ɗaya ce kullum: “Alhaji, ku yi haƙuri, cikin satin nan in sha Allah.” Na ji wannan jimla sau biyar a makonni biyar. Da na gaji na nemo lambar direban da kaina, sai ya shaida mini cewa ayari ɗaya ya riga ya tashi ya bar su, domin motar ta sami matsalar giya, sun yi kwanaki suna jiran kayan gyara. Ofishin ya san da haka, bai faɗa mini ba.

Abin da ya sa wannan ya yi mini ciwo shi ne cewa kayana suna da lokaci. Manomin albasa yana zuba iri a watan Oktoba, ya yi dashe a Nuwamba da Disamba, kuma injin ban-ruwa a lokacin yake nemansa. Idan ya wuce, sai dai ka ajiye kayanka har wata shekara ko ka karyar. Da an gaya mini gaskiya tun makon farko, da na je Kano ko Yamai na saro injina hamsin na riƙe masu sayena da su. Da yake ana ta ce mini gobe, sai na zauna ina jira, har mutanen da suka ba ni kuɗin kafin alƙalami suka fara zuwa karɓar abinsu, wasunsu da kunya, wasunsu ba kunya. Kayan sun iso Tawa a tsakiyar Disamba, kwana saba'in da ɗaya bayan saukar jirgi. Ɗan kasuwa yana iya jure jinkiri idan ya san tsawonsa, domin zai yi dabara. Abin da ke karya shi shi ne a riƙa yanka masa jinkirin ƙanana ƙanana ana miƙa masa.

Wani abin da ya kamata ɗan Tawa ya sa a lissafinsa shi ne cewa hanyar Lome tana sauke ka ne a Yamai, daga can kuma akwai sauran kusan kilomita 550 kafin gida. A aikin duwan na Yamai kamfanin ya sake nuna ƙwarewarsa, domin sun shigar da bayanan kayan a na'ura tun mota tana hanya, harajin da aka yanka, har da harajin saye da sayarwa da ake kira TVA na kashi 19 cikin 100, bai yi nisa da abin da suka ƙiyasta mini tun farko ba, kuma sun ba ni takardar shaidar biya ta asali, ba kwafi ba. Amma ba su da kowa a Tawa, ba su kuma da wata tsayayyar yarjejeniya da masu motocin da ke bin hanyarmu, saboda haka sai da na nemi mota da kaina, aka sake sauke kaya aka sake lodawa. Kamfanin da yake karɓar aikin mutanen Adar, waɗanda kowa ya san yawansu a kasuwannin Lome da Kwatano da Abijan, bai kamata a ce aikinsa yana ƙarewa a Yamai ba.

Sai maganar kuɗi. Ladan aikinsu ba shi ne mafi araha ba, na sami waɗanda suka yi mini tayin ƙasa da haka, amma ban damu da wannan ba, domin araha a taranzit sau da yawa tana nufin za a cike gibin ta wata ƙofa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wani layi a takardar kuɗin ƙarshe da aka rubuta masa “kuɗaɗen hanya”, dunƙule guda, ba resi, kuma ya kusa ninka abin da aka faɗa mini a farko. Na san hanya tana da ci, na san direban da ya yi wata biyu a waje dole ya ci abinci, ban kuma ce an cuce ni ba. Na dai nemi a warware mini shi, aka ɗauki mako biyu kafin a kawo bayani, bayanin kuma ya rufe kashi biyu ne cikin uku. Da na je ofishin da kaina, shugaban kamfanin ya saurare ni har na gama, bai yi gardama ba, ya yafe ragowar, ya kuma amsa cewa ɓoye mini lalacewar motar kuskure ne. Na yaba da wannan, sai dai na yi tafiyar yini guda kafin in same shi, kuma ba kowane mai kaya ne zai iya barin shagonsa don neman bayanin da hakkinsa ne a aiko masa ba.

Kwantena ta uku, a 2025, na ba su ita ne bisa sharuɗɗan da muka rubuta muka sa hannu: a ba ni lambar direba da ta mota ranar da aka yi lodi, a aiko mini da saƙo ta WhatsApp duk ranar Litinin da Alhamis ko da babu wani sabon labari, kuma duk kuɗin da ya wuce ƙiyasi a sanar da ni kafin a kashe shi. Sun cika na farko da na uku. Na biyun sun riƙe shi mako uku, daga nan sai da na riƙa tuna musu. Ni ma na gyara nawa lissafin, na sa aka loda kayan a Sin tun watan Mayu maimakon Agusta, domin tafiyar teku kaɗai, ta kewayen kudancin Afirka, takan ci fiye da wata guda, kuma na daina ɗaukar kwanakin Kwatano ina auna hanyar Lome da su. Kayan sun iso kafin a zuba iri, cikin kwana arba'in da shida daga saukar jirgi.

Ga wanda zai shigo da kaya masu takardu masu sarƙaƙiya, ko masu fashewa, ko kuma wannan ne karonsa na farko, ina ganin wannan kamfani ya cancanci a ba shi aiki, musamman saboda matashin da ke duba takardu a Yamai da dattijon da ke tsaye a Lome, waɗanda su biyun ne ainihin abin da kake biya. Ga wanda kayansa suke da ƙayyadadden lokaci, kamar taki, ko kayan azumi da salla, ko kayan makaranta, kada ya dogara da ranar da ofishin zai faɗa masa. Ya karɓi lambar direba, ya ƙara wata guda a kan duk abin da aka ce masa, ya kuma sa a rubuta masa abin da ke cikin kuɗaɗen hanya tun kafin ya biya kafin alƙalami. Kwantenata ta huɗu tana kan ruwa yanzu haka, su ne kuma na ba aikinta, amma na riga na yi magana da mai motar da zai ɗauko ta daga Yamai, na kuma saro injina talatin daga Kano na ajiye a mangaza.